Nonon Uwa: Wurin Wa Maigida Zai Nemi Shawara?

Ya kai mai karatu, ran da Allah ya sauki matarka lafiya, hidima ta same ka. Za ka nemi rago, da goro, da itacen wanka. Duk waɗannan al'ada ta koya maka su. Amma akwai wani abu wanda ya fi su duka, ga shi kuwa maza da yawa ba su sa baki a cikinsa, watau shan nonon jariri. Su kan ce wannan sha'anin mata ne. Gaskiya ne, mace ke ba da nono. Amma kai ke ba da izinin fita, kai ke biyan kuɗin mota, kai ke kawo cefane. In mai jego ta shiga wahala, ba ta sami mai nuna mata hanya ba, ɗanka ne zai rame. Saboda haka ya kamata ka san abin da ya ke daidai, ka kuma san wanda za a tambaya.

Abu uku da za ka riƙe

Gidan haihuwa ba ya rasa masu ba da shawara. Kowace mace da ta shigo barka da tata maganar. Ba za ka iya rarrabe mai kyau da marar kyau ba sai kana da ma'auni. To, ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar.

Na ɗaya, a sa jariri ga nono tun cikin sa'a ta farko bayan haihuwa, jikinsa na manne da jikin uwarsa.

Na biyu, a ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo. A shekara ta 2001 ne hukumar ta tsai da wannan adadi.

Na uku, bayan wata 6 a fara ba shi abinci mai laushi, amma a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara 2 cikakku, a wuri guda kuma ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita.

Duk shawarar da za ta sa wani abu a bakin jariri ban da nono, ko ta raba shi da nono, kada a aikata ta sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Zancen dakashi da ruwa

Nonon farko mai kauri, mai launin rawaya, shi a ke kira dakashi. A waɗansu gidaje a kan tatse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a ba jariri ruwa ko madarar akuya kafin farin nono ya zo. Wannan babbar hasara ce. Dakashi yana ɗauke da abubuwan da ke kare jariri daga zawo da ciwon ƙirji, yana kuma taimakonsa fitar da baƙin kashin farko. Ƙarancinsa ba aibi ba ne, gama a ranar farko cikin jariri ba ya ɗaukar abin da ya wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu a sha guda. Farin nono ya kan zo a kwana na uku ko na huɗu, yawan tsotso kuwa shi ke kiransa.

Waɗansu kuma su kan ce ƙishirwa za ta kashe yaro, balle da bazara. Ka sani fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwa kuma mai tsabta. Ruwan randa ya kan cika masa ciki ya rage tsotso, wani lokaci kuma ya kawo zawo. In zafi ya tsananta, uwa ta sha ruwa, yaro ya sha nono. Zuma ma kada a lasa masa sai ya shekara, domin ta kan ɗauki wata ƙwayar cuta wadda hanjin jariri ba ya iya da ita.

Su wa za a tambaya?

Ta fari ita ce ma'aikaciyar lafiya, watau nas ko ungozomar asibiti. Tun wajen awon ciki ya kamata a fara tambayarta. Bayan haihuwa kuma likitoci sun ce a duba uwa da ɗa sau huɗu: cikin yini na farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 da 14, sa'an nan a mako na shida. Ba wuya ka tuna na uku da na huɗu, gama ɗaya yana zuwa wajen suna, ɗaya wajen arba'in. A can za a auna yaro, a yi masa rigakafi. Ka ce wa matarka ta ba da nono a gaban ma'aikaciyar, don ta ga yadda yaro ke kamawa. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin da ya sa asibitin haihuwa ya koya wa uwa shayarwa, ya kuma bar ta tare da ɗanta dare da rana. Saboda haka tambayar hakkinta ce, ba roƙo ba ne.

Na biyu su ne tsofaffin gida, mahaifiyarka da mahaifiyarta da ungozomar unguwa. Su ke kwana da mai jego, su ke ɗauke mata aiki, sun kuma san goyo. Kada ka raina su, kada ka yi musu gardama a gaban mutane. In maganarsu ta saɓa da ta asibiti, ka sami mahaifiyarka a keɓe, ka ce, “Inna, ga abin da malamar asibiti ta faɗa. Don Allah ki raka ta ranar awo, ki ji da kunnenki.” Tsohuwar da ta ji da kanta ta fi wadda aka kawo wa saƙo saurin yarda. In matarka ta tafi wanka gidansu, kunya ba za ta bar ka ka faɗa wa surukarka ba. To, sai ka aiki yayarka ko gwaggonka.

Na uku su ne 'yan'uwanta mata waɗanda suka shayar da nono zalla, 'ya'yansu kuma suka yi ƙiba. A garuruwa da yawa irin waɗannan mata suna taruwa tare da ma'aikatan lafiya, suna koya wa juna. Ka tambaya a asibitin da ke kusa da kai, in akwai, ka bar ta ta je. Yarinya mai haihuwar fari ta fi kowa bukatar wannan, gama kunyar ɗan fari ta kan hana ta ɗaukarsa a gaban manya, har ya yi ta kuka. Ka sa a ba ta wurin da za ta keɓe da shi.

Mai sayar da madarar gwangwani kuwa ba mashawarci ba ne, ciniki ya ke nema. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallan wannan madara ga iyaye. In lalura ta sa dole a ba da ita, kamar rasuwar uwa, likita ne zai faɗa, ya kuma nuna yadda za a haɗa.

In an ce nono bai isa ba

Wannan ita ce maganar da ta fi raba yara da nono, sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Ga yadda za a gane. Jariri ya sha sau 8 zuwa 12 dare da rana. Bayan kwana 5 ya yi fitsari sau 6 ko fiye a yini. Ya kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma kafin mako 2 ya mai da shi. In haka ta samu, nono ya isa.

In kan nono ya tsage, ko yaro ya daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba, yawanci kamun ne bai yi daidai ba. Ya kamata ya buɗe baki sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa na taɓa nonon. Ma'aikaciya ta kan gyara wannan a zama ɗaya. In kuma an ce nonon wata mugu ne, kada ka yarda a hana yaro kafin likita ya gani. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa, ko da ta yi zazzaɓi, ko ta sami wani ciki.

Lokacin da ba a jira

A tafi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare, in jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, ko cibiya tana ruwa da wari. Haka kuma in nonon uwa ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi. Kafin a isa, ta ci gaba da ba shi. Ka ba da izini tun yau, ka ajiye kuɗin mota, don kada a zauna jiranka kana kasuwa ko gona.

Rabonka na aikin

Mai jego tana bukatar abinci fiye da da: tuwo da miyar ganye, da wake, da gyaɗa, da ƙwai, da nama ko kifi gwargwadon hali. Amma a yi hattara da yawan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kanwa tare da tsananin zafin wankan jego yana da hannu wajen ciwon zuciya da kumburi ga masu jego. Ka ɗauke mata ɗiban ruwa da daka, ka rage mata baƙi, ta sami barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mai karatu, yanzu da ka iya karatu, katin asibiti ba zai gagare ka ba. Ka duba ranar komawa, ka tuna wa mutanen gida. Ka karanta musu wannan babi kuma, su ma su ji. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, amin.