Loda Manyan Rubuce-rubuce cikin Jadawalin Rumbun Kwamfuta

A shekarar 1970 ne E. F. Codd, wani masanin lissafi ɗan Ingila mai aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da tsarin ajiye bayanai cikin jadawali. Kowane jadawali yana da layuka, kowane layi yana da gidaje, sa'an nan akwai wata lamba wadda ke danganta jadawali da ɗan'uwansa. A kan wannan tsari aka gina manyan rumbunan bayanai irin su Oracle da MySQL da PostgreSQL. Lamarin ya shafi mai nazarin harshe, gama duk wanda ya yi niyyar zuba ƙamus cikin kwamfuta, kamar na Bargery na 1934 mai kalmomi kimanin 39,000, ko kuwa tarin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, lalle sai ya san hanyar lodi mai sauri wadda ba ta ɓata rubutu.

1. Dalilin jinkiri

Hanyar da mai koyo ya kan fara bi ita ce umurnin INSERT, watau shigar da layi ɗaya ɗaya. Ga layi ɗari wannan ba laifi, amma ga miliyan sai a kwana ana jira. Yawancin jinkirin nan hidimar da ke biye da kowane layi ce ke kawo shi. Sai an aika da umurnin, rumbu ya warware ma'anarsa, ya rubuta layin, ya gyara fihirisa, sa'an nan ya dakata har faifai ya shaida cewa abin ya zauna. Misalinsa kamar mai jidar hatsi da mudu daga masussuka ne, alhali ga jaki da mangala a ɗaure.

2. Hanyoyin lodi gaba ɗaya

Saboda haka kowane rumbu yana da nasa umurni na ɗaukar fayil sukutum. PostgreSQL yana da COPY, MySQL yana da LOAD DATA, Oracle yana da SQL*Loader, SQL Server kuma yana da BULK INSERT. Dukansu manufarsu ɗaya ce, a karanta fayil a jere, a zuba dubban layuka, a tabbatar sau ɗaya.

Abu na biyu shi ne fihirisa. Ita ce ke sa a sami kalma nan da nan, amma kowane sabon layi sai an nema masa wuri a cikinta. Idan jadawalin sabo ne, ya fi kyau a gama lodi tukuna, sa'an nan a gina fihirisar a tashi ɗaya. Haka kuma a kan jinkirta binciken dangantakar jadawali da jadawali sai an ƙare.

3. Tsare haruffan Hausa

A nan ne malamin Hausa ya kamata ya fi sa ido, domin sauri ba ya da amfani in rubutu ya isa a gurgunce. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin tsofaffin tsare-tsaren haruffa na Turai ta Yamma. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka shirya a 1992, yana ba kowannensu bayit biyu. Tilas fayil da rumbu da hanyar da ke tsakaninsu su yi ittifaƙi a kan wannan tsari. In ɗayansu ya saɓa, sai harafin ya koma alamar tambaya, har a kasa rarrabe baƙi da baki, ko ƙafa da kafa. Da zarar an jefar da fayil na asali kuwa, babu mai iya mai da su sai da karatu kalma kalma.

Akwai kuma waƙafin sama na 'ya'ya da sa'a. A harshen SQL wannan alama ita ce ke buɗe zance ta rufe shi, don haka in aka liƙa kalmar kai tsaye cikin umurni, sai rumbu ya ɗauka zance ya ƙare a tsakiya. Fayil mai gidaje a rarrabe wanda aka loda da COPY ba ya gamuwa da wannan. Nasa haɗarin yana ga waƙafi da ƙarshen layi, musamman a waƙoƙi, inda baiti ɗaya ke da ɗango da yawa. Maganinsa a kewaye dukan baitin da alamar zance mai baki biyu. Alamun karin sauti su ma ana iya rubuta su ta hanya biyu, ko haɗe da wasali ko biye da shi, sai a mai da su iri ɗaya kafin lodi, don kada kalma guda ta fito sau biyu.

Da yake layi ɗaya ɓatacce ya kan sa COPY ya watsar da lodin duka, dabarar ita ce a fara zubawa cikin jadawali na wucin gadi, a tace, sa'an nan a mayar cikin na dindindin.

4. Manyan fayiloli

Dogon rubutu ba ya shiga shafin rumbu, wanda a PostgreSQL kilobayit 8 ne. In layi ya haura kimanin kilobayit 2, rumbu da kansa ya kan matse abin ko ya kai shi wani jadawali na gefe, iyakar gida ɗaya kuwa gigabayit 1 ne. Hotunan littattafan ajami da muryoyin mawaƙa suna iya shiga ta wannan hanya, amma suna nauyaya rumbu, su wahalar da mai ɗaukar kwafi. Galibi a kan ajiye su a waje, a rubuta adireshinsu kaɗai a jadawali, da sharaɗin kada a sāke wa fayil wuri ba a gyara adireshin ba.

Bayan an ƙare, wajibi ne a ƙidaya layukan da suka shiga a gwada da na fayil, a nemi 'yan kalmomi masu lanƙwasa a gani da ido, a kuma adana fayil na asali a wuri dabam.