Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Birkin Tsohuwar A-kori-kura



Duk wanda ya bi ta Kawo ranar Talata, ranar kasuwa, zai ga tsofaffin motocin a-kori-kura cike da buhunan masara, kwandunan tumatir ko awaki. Wasunsu Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a nan Kaduna, a masana'antar da ke Kakuri wadda ta fara aiki a 1975. Wasu kuma Toyota Hilux ne, motar da aka fara ƙerawa a Japan a 1968. Da yawa daga cikinsu sun girme mu nesa ba kusa ba. Idan birkinsu ya cinye, sai a nufi Panteka neman wani. To a nan matsalar take, domin sunan mota kaɗai ba ya isa a sayi birkin da ya dace da ita.

Yawancin waɗannan motoci birki iri biyu ne da su. A gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, idan direba ya taka birki sai wasu ƙarafa biyu masu shimfiɗa su matse shi. A baya kuma akwai wani ƙarfe mai kamar kwano, wanda makanikai ke kira diram. A cikinsa akwai takalman birki guda biyu masu lanƙwasa, su ne ke buɗewa su goge shi daga ciki har motar ta tsaya. Motar da aka ƙera don kaya masu nauyi tana bukatar babban birki, domin tsayar da kaya mai nauyi yana jawo zafi mai yawa. Shi ya sa kamfani ɗaya kan fitar da motoci masu suna ɗaya da fuska ɗaya, amma birkinsu daban.

Hanya ta farko ta ganewa ita ce karanta farantin motar. Idan aka buɗe bonet, akan ga ɗan ƙaramin faranti da aka manne kusa da inji, ɗauke da haruffa da lambobi. A tsohuwar Hilux za ka iya ganin LN106L. Harafin L na farko yana nufin injin mai shan gas ne, N na nufin Hilux, 106 shi ne samfurin, L na ƙarshe kuma yana nufin sitiyarinta a hagu yake, kamar yadda muke amfani da shi tun da Najeriya ta koma bin hannun dama a 1972. Idan R ne a ƙarshe, to don ƙasa irin Ingila aka yi ta. Akwai kuma lambar shasi. A motocin da aka yi daga 1981, musamman na kasuwar Amurka, haruffa da lambobinta 17 ne, kuma ba a sa I, O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Tsofaffin motocin Chevrolet da GMC kuwa suna da takarda a cikin akwatin da ke gaban fasinja, inda ake rubuta alamomi kamar JB5, JB6 ko JB7. Kowace alama nau'in birki ce daban.

Hanya ta biyu ita ce ƙirge. A tsofaffin Hilux, wadda tayoyin baya kaɗai ke janta noti biyar gare ta a kowace ƙafa, mai jan ƙafa huɗu kuma noti shida. Ko yaro zai iya ƙirga wannan ba tare da ya taɓa sifana ba.

Hanya ta uku ita ce awo, kuma a nan lissafin da muke yi a aji yake da amfani. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Diram mai inci 10 ke nan milimita 254, irin na Hilux mai noti biyar. Na mai noti shida ya kai milimita 295. Bambancinsu milimita 41 ne, wato santimita huɗu da ɗan ɗori a kan rularmu. Kuma a jikin diram akan rubuta iyakar faɗin da zai kai idan ya cinye, a jikin faifai kuma iyakar sirantarsa. Idan an wuce wannan iyaka, sai canji. Awo yana da muhimmanci ƙwarai ga tsohuwar mota, domin wataƙila wani mai ita na baya ya canza mata ƙafafu da na wata motar, farantin ya ce abu kaza, ƙafar kuma ta ce wani abu daban.

Me zai faru idan aka sa wanda bai dace ba? Takalmin ba zai kwanta sosai a jikin diram ba, gefe kaɗan ne zai riƙa gogawa, sai ya yi zafi ya daina kamawa. Idan kuma na hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, motar za ta karkace gefe guda da zarar an taka birki. Ku yi tunanin haka a gangara, ga lodi, ga 'yan makaranta suna tsallaka titi. Shi ya sa makanikai ke canza na hagu da na dama tare. Man birki ma yana da alamarsa a kan murfin, DOT 3 ko DOT 4.

Da yawa daga cikinmu muna zuwa gareji koyon aiki bayan an tashi, wasu kuma iyayenmu direbobi ne. Idan Oga ko Baba ya aike ka sayen birki, kwafi lambar farantin a takarda, ƙirga notin, sannan ka tafi da tsohon a hannu a gwada shi da sabon kafin ka biya kuɗi.

Allah Ya kiyaye mu da haɗarin hanya, amin.

Daga ɗalibin aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta