Yadda Kamfanonin Tarho Suka Ba Hoton Silima Murya

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ya san ba harshe ɗaya a ke yi a kasuwanninta ba. Daga Ka'oje zuwa Illo da Lolo, har bakin iyakar Binin, wadda a da a ke kira Dahomey, za ka ji Hausa da Fillanci da Dandanci. In ka ƙetare kuwa Faransanci ne harshen hukuma. A wuri irin wannan ya fi sauƙi mu gane abin da ya faru ran da hoton silima ya fara magana. Hoton bebe kowa ya gani ya gane, ko da wane harshe ya tashi. Da aka sa masa murya sai ya sami harshe, muryar kuma ta sami masu ita.

Tun da wuri masu dabara suka yi ta ƙoƙarin haɗa hoto da garmaho. Thomas Edison ya gwada a Amurka cikin 1913, abin bai yi ƙarko ba. Muryar ba ta da ƙarfin cika babban zaure, in kuma inji ya ɗan yi nawa sai a ga baki ya motsa, magana ta biyo baya.

Daga wajen ma'aikatan waya magani ya fito. Kamfanin tarho na Amurka, watau AT&T, yana son murya ta yi tafiya mai nisa cikin waya ba ta dushe ba. Saboda haka ya sayi haƙƙin wani ɗan ƙwan lantarki da Lee de Forest ya ƙago a 1906, injiniyoyinsa suka gyara shi har ya iya ƙara wa murya ƙarfi. Da wannan ilmi reshensa, Western Electric, ya shirya dabarar da aka sa wa suna Vitaphone. Faifai ne mai faɗin inci 16, yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya, ya yi kamar minti 11, daidai da naɗin fim mai ƙafa 1,000. Inji ɗaya ke juya faifai da fim, don kada wani ya tsere wa wani. Manyan masu silima suka yi ɗari-ɗari, sai kamfanin Warner ya karɓa. Ya nuna Don Juan cikin Agusta 1926, da kiɗa amma ba magana, sa'an nan The Jazz Singer cikin Oktoba 1927, wanda aka ji ɗan wasa yana waƙa yana magana.

Faifai yana da aibi guda. In fim ya tsinke aka ɗaura, to, hoto da murya sun saɓa ke nan. Don haka aka koma rubuta murya da haske a gefen fim ɗin kansa, a kan gudun hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Kamfanin rediyo na RCA ya fito da irin wannan dabara daga hannun General Electric, amma ya tarar manyan masu silima sun riga sun ƙulla yarjejeniya da Western Electric. Sai ya kafa nasa kamfanin fim, RKO, a 1928. Mai gidan silima ya biya kuɗin inji, mai shirya fim ya biya ladan haƙƙi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Jamus kuwa Siemens da AEG suka kafa Klangfilm a 1928, suka haɗa kai da Tobis, aka yi ta shari'a da Amurkawa. Cikin Yuli 1930 aka zauna a Paris aka raba kasuwar duniya. Jamusawa suka ɗauki tsakiyar Turai da arewacinta, Amurkawa suka ɗauki ƙasarsu da Kanada da Indiya da wasu, saura aka bari kowa ya nema. Mutanen Illo ba baƙi ba ne ga irin wannan zama, gama a Paris ɗin nan ne Ingila da Faransa suka shata iyakarsu a 1898.

A nan ƙasarmu, gidan silima na Rex ya buɗe a Kano a 1937, amma mutanen karkara ta hanyar majigi suka san hoto mai motsi. William Sellers, ma'aikacin lafiya a Ikko, wanda ya shugabanci sashen fim na ƙasashen mulkin Ingila daga 1939, ya ga muryar Turanci ba ta amfanar manomi. Sai aka riƙa nuna hoto, tafinta yana bayani ta lasifika da harshen mutanen gari. Ƙarfin muryar na kamfani ne, maganar ta ɗan ƙasa ce.

To, malamai, ga abin lura. Fim ya daɗe da iya Hausa, tun ba Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976 ba, amma har yanzu daga waje mu ke sayen injin da ke ɗaukar muryar. Waɗanda suka ci ribar wannan al'amari su ne waɗanda suka zauna suka koyi lissafi da sha'anin lantarki. Yaron da ke ajinku a Bagudo, mai jin harshe uku, ya riga ya sami rabin tafinta. Ragowar aikin, watau sanin cikin inji, yana wuyanmu.