In Na'urar Tsotse Danshi Ta Tsaya, A Bincika Kafin A Yar

A bara, cikin watan Agusta, sa'ad da damina ta yi tsaka, mai kula da ɗakin karatu na wata kwalejin horon malamai ya kawo mana kuka, wai na'urar da ke tsotse danshin ɗakin ta mutu. Kwana goma tana ajiye, har fumfuna ta soma kama bangon littattafai, takardu kuma suna manne wa juna. An riga an rubuta takardar neman kuɗin sabuwa. Da muka je muka duba, ashe bokitinta ne bai zauna daidai ba, ragarta kuma ta toshe da ƙura. Kafin la'asar ta koma aiki, ba a kashe ko kwabo ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana wa jama'a hanyar binciken, don masu irinta a gida ko a makaranta.

Da fari sai a san yadda take aiki. Kowa ya ga yadda raɓa ke taruwa a jikin kofin ruwan sanyi. To, dabarar ke nan. Fanka ce ke jawo iskar ɗaki ta bi ta kan waɗansu bututai masu sanyi, ruwan da ke cikin iskar ya kwanta a kansu, ya ɗiga cikin bokiti, sa'an nan iskar ta bi ta kan bututai masu ɗumi ta fito a bushe. Wannan hikima ma saboda takarda aka soma ta, gama a 1902 wani injiniya, Willis Carrier, ya tsara irinta don wata maɗaba'a a birnin Niyok na Amurka, inda danshi ke kumbura takarda yana ɓata bugu.

In na'ura ta ƙi tashi, a fara da wuta. A gwada fitila a wurin da aka jona ta, a duba fis ɗin filogi. A lura kuma, wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka wadda aka sayo daga can ba a jona ta sai da taransifoma. In wuta lafiya, sai a koma kan bokiti. Akwai wani ɗan abu mai tasowa bisa ruwa wanda ke kashe na'urar in bokiti ya cika. Idan ya maƙale, ko bokitin ya karkace, na'urar za ta yi shiru kamar ta mutu. A zubar da ruwan, a wanke, a mayar sosai. Har ila yau, in an ɗauke wuta an maido, yawancinsu sukan jira kamar minti uku kafin kwamfaresa ta tashi. Wannan ba ciwo ba ne, haƙuri kawai ake bukata.

In kuwa tana ƙara amma ba ta tara ruwa, a duba ma'aunin danshi, a sa shi wajen kashi 50 cikin 100. Da hunturu kada a zarge ta, gama iskar da kanta busasshiya ce. Sa'an nan a zare raga a wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe. Kyawunta a yi haka kowane mako biyu. A share bututai da burushi mai laushi, a janye na'urar daga bango kamar ƙafa guda, a rufe ƙofa da tagogi. Idan ƙanƙara ta lulluɓe bututai, ko dai iska ba ta wucewa, ko sanyin ɗakin ya kasa digiri 18. A kashe ta har ta narke. Wadda aka ɗauko a kwance kuma, a tsai da ita kwana guda kafin a kunna.

Amma fa kowane gwani da iyakarsa. Kada a taɓa cikinta sai an zare filogi, kuma a nisanci kafasita, don tana riƙe wuta ko bayan an zare. In an yi duk abin da muka faɗa, bututai kuwa ba su yi sanyi ba, ko ƙanƙara ta kama gefe guda kaɗai, mai yiwuwa gas ya zurare, wannan kuwa aikin mai gyaran firiji ne. In an ji ƙauri, ko filogi ya yi zafi, a kashe nan take. A 2013 an janye irin waɗannan na'urori fiye da miliyan biyu daga hannun jama'a a Amurka saboda suna ta da gobara.

Muna roƙon shugabannin makarantu su ɗora wa mutum guda alhakin zubar da bokiti kullum da wanke raga a kan kari, tun daga farkon damina har kaka. Na'ura ana iya sayen wata, amma akwai littattafan da in fumfuna ta cinye su ba a sake samu. Allah ya sa mu kula.