Yadda Ake Tare Annoba

Annoba ita ce cutar da take kama mutane da yawa a lokaci ɗaya. A shekarar 2010, cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a yankin Arewa Mai Nisa, inda garin Maruwa yake. Ta kashe ɗaruruwan mutane. A watan Maris na 2020 kuma korona ta shigo Kamaru, har aka rufe makarantu.

Kwalara tana bin ruwa da abinci marasa tsabta. Korona tana bin tari da numfashi. Aikin tare su kashi uku ne.

Na farko, aikin kowa da kowa. Ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan kun fito daga ban ɗaki. In za ku yi tari, ku rufe baki.

Na biyu, aikin mutanen gida. A tafasa ruwan sha, a rufe randa da abinci da bakin masai. In wani ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti nan da nan.

Na uku, aikin hukuma. Ita take yin rigakafi, ta keɓe marasa lafiya, ta hana taro in abin ya tsananta.

In kashi ɗaya ya yi sakaci, cutar ta sami ƙofa.

Tambaya: Wane aiki ne naku a cikin ukun nan?