Yoyon man sitiyari a tsohuwar mota: A gano tushensa kafin a sauya gora

Yawancin tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Toyota Camry da Honda Accord da Peugeot 406, suna dogara ne da matsin mai wajen sauƙaƙa murɗa sitiyari. Fanbel yana juya famfo, famfon ya zuƙo mai daga wata 'yar gora da ke ƙarƙashin bonet, ya tura shi da ƙarfi zuwa rak ɗin sitiyari, sannan man ya komo gorar ta wani tiyo. Da zarar man ya fara zurarewa, famfon kan yi kuka, sitiyari ya yi tauri, direba ya sha wahala a kwana ko a cunkoson ababen hawa.

Masu motoci da dama kan yi maganin abin da ƙara mai duk mako. Wannan dabara tana jinkirta gyara, kuma tana iya jawo asarar famfon, wanda kuɗinsa ya ninka na tiyo da kilif nesa ba kusa ba. Akwai kuma haɗarin gobara idan man ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi. A shekarar 2012 kamfanin Honda ya nemi a mayar masa da motocin Accord masu injin V6 ƙirar 2003 zuwa 2007 fiye da 500,000 a Amurka, saboda zafi na iya lalata tiyon man sitiyarinsu har ya yi yoyo.

Ganin gorar a jiƙe ba ya nufin ta tsage. Gorar tana ɓangaren da matsin mai ke da rauni, don haka ba kasafai take fashewa ba sai idan zafi da tsufa sun busar da robarta. Sau da yawa laifin na tiyo biyun da ke manne da ita ne, waɗanda bakinsu kan ƙandare ya daina kama bututu, ko na kilif da ya saki, ko na zoben robar murfi. Wani lokaci ma iska ce ke shiga ta bakin famfo, man ya yi kumfa ya tumbatso ta murfi. An san Accord na wancan zamani da wannan matsala, kuma ɗan ƙaramin zoben roba ne ke magance ta.

Saboda haka matakin farko shi ne a wanke gorar da tiyon da famfon tas, a bari su bushe, a cika mai zuwa alamar da ke jikin gorar. Sai a tayar da injin, wani ya riƙa murɗa sitiyari hagu da dama, wani kuma yana haska tocila, ya nisanta hannu da riga daga fanbel. Wurin da ya fara jiƙewa daga sama shi ne tushen yoyon, domin mai gangarowa yake yi.

Idan tiyo ne, a sauya shi da wanda aka yi don man sitiyari, a sa sabon kilif. Tiyon ruwa kan yi laushi a cikin mai. Idan kuwa gorar ce ta tsage, sauya ta ya fi liƙe ta da gam, domin gam ba ya daɗewa a jikin roba mai maiƙo da zafi. Gorori da yawa suna da rariya a gindinsu, wadda kan toshe da datti ta hana famfo samun mai, sabuwar gora kuma tana zuwa da sabuwar rariya. Wanda zai sayi ta hannu a kasuwar kayan gyara, ya haska cikinta ya duba rariyar da bakunan bututun.

Zaɓen mai yana da muhimmanci matuƙa. Tsofaffin Toyota suna amfani da man giya nau'in Dexron, Honda na da man da aka keɓe mata, wasu motocin Jamus kuma suna shan koren mai mai suna CHF 11S. Galibi an rubuta nau'in a murfin gorar ko a littafin mota. Man birki kuwa kada ya kusanci gorar, domin yana lalata robobin da ke cikin famfo da rak.

Bayan an ɗaure komai, sai a fitar da iska. A ɗaga ƙafafun gaba da jak, a tokare motar da kyau, a murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa injin na kashe, ana ƙara mai har kumfa ta daina tasowa. Daga nan a tayar da injin a maimaita, ba tare da danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan ba.

Idan man ya ci gaba da raguwa alhali gora da tiyo a bushe suke, a duba robobin da ke rufe gefe biyu na rak. Mai a cikinsu alama ce ta lalacewar sil ɗin rak, aikin da ya kamata a miƙa wa ƙwararren bakanike. Mai mota ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin da daddare, ya duba shi da safe har tsawon mako guda, sannan ya tabbata gyaran ya kama.