Iskar radon: abin da ke fitowa daga ƙasa da bangon ɗaki

Duk maginin da ya san aikinsa yana duba ƙarfin tubali da kyan yashi kafin ya aza harsashi. Amma akwai abu guda da ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinsa. Masana suna kiran sa radon.

Asalinsa daga ƙarfen uraniyom ne. Ba a Arlit kaɗai uraniyom yake ba: akwai ɗan kaɗan nasa cikin kowace ƙasa da kowane dutse, har cikin laka da siminti. Yana rikiɗa sannu a hankali ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya haifi radon, wanda iska ce. A fili iskar tana bajewa, ba ta cuta. A ɗaki rufaffe kuwa taruwa take yi, mai ɗaki ya yi ta shaƙa shekara da shekaru, turirin da take fitarwa yana lahanta huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce radon ke haddasa kashi 3 zuwa 14 bisa ɗari na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa. Bayan taba, shi ne babban dalilin wannan cuta, kuma mashayin sigari ya fi kowa shiga hatsari. Da ma'aunin da ake kira bekerel ake auna shi. A waje akan sami 5 zuwa 15 cikin mita kubik guda na iska. A shekara ta 2009 OMS ta shawarci gwamnatoci su tsaida iyakar cikin gida a kan 100, in ya faskara kada a wuce 300.

Duwatsu ba ɗaya suke ba. Dutsen falale, irin wanda ya kewaye Damagaram, galibi ya fi farar ƙasa da rairayi uraniyom. Wannan bai isa ya tada hankalin kowa ba, domin a yawancin gidaje radon ɗin da ya fi yawa daga ƙarƙashin ɗaki yake shigowa, ta tsagar daɓe da ramin bututu. Kayan gini suna zama matsala ne idan an ɗebo su daga inda bai kamata ba. Ƙasar Suwidin ta ɗanɗana wannan: daga 1929 zuwa 1975 an gina dubban gidaje da wani bulo mara nauyi da aka yi da dutse mai uraniyom, har yau kuwa ana bin gidajen ana aunawa.

Nijar ma tana da nata labarin. SOMAÏR ta fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta bi baya a Akokan a 1978. A Disamba 2003, masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar da tsofaffin ƙarafan ma'adinai masu turiri ana sayarwa a cikin garin Arlit. Talaka ba ya zubar da ƙarfe. Da irinsa ake rufin ɗaki da ƙera kayan aikin gida. An kuma yi cikon hanyoyi da ragowar duwatsun haƙa. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a kan titin Akokan, ta sami turiri da ya kusan ninka na sauran wurare sau 500. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adinai wajen ton miliyan 20. Radiyom da ke cikinta sai ya shekara 1600 kafin rabinsa ya ƙare.

Kariya ba ta da tsada. Kada a yi gini ko daɓe da dutse, ƙasa ko ƙarfen da ya fito daga wurin haƙar ma'adinai, ko da kyauta aka samu. A toshe tsagar daɓe, a yi wa ɗaki taga biyu masu fuskantar juna, a riƙa buɗe su ko da lokacin ɗari ne. Manoma da ke kwana a tsakar gida da bazara sun fi samun sauƙi bisa ga ma'aikacin da ke yini cikin ofis a rufe saboda na'urar sanyi.

Tabbaci kuwa sai da awo. Ƴar ƙaramar na'ura ce ake ajiyewa a ɗakin kwana wajen wata uku, sannan a kai ta ɗakin bincike. Gidaje biyu suna iya zama katanga ɗaya, a sami awonsu ya sha bamban.